Ƙara kujerar fasinja a tsohuwar bas ta kwana: tambayoyin da mutanen Zariya suka fi yi

Wannan bayanin na masu tsohuwar bas ne irin wadda aka mayar ɗaki, mai gado da ɗan kabad da wurin ɗora gas a ciki, wadda Turawa ke tafiya hutu da ita suna kwana a hanya. Da yawansu ta Kwatano suka shigo mana a matsayin Beljiyam, wasu kuma a nan gida aka kwashe kujerun Hiace ko J5 aka shimfiɗa katako da katifa saboda masu fita wa'azi ƙauyuka ko masu bin kasuwanni ko masu noma nesa da gida. Damuwar dai ɗaya ce, mota ƙatuwa amma wurin zaman mutum biyu ko uku ne kacal, ga iyali ana so a tafi Kano ko Kaduna biki.

Malam, wai zai yiwu ma kuwa a ƙara kujera a irin wannan motar?

Zai yiwu sosai, in dai ƙasan motar na da lafiya kuma nauyin bai wuce ƙa'ida ba. Ai yawancin bas ɗin nan bodi ɗaya kamfani ya buga musu da 'yan'uwansu masu ɗaukar mutum tara ko fiye. Volkswagen T3 da aka ƙera a Turai daga 1979 zuwa 1992, wadda 'yan Legas suka mayar danfo, da T4 da ta biyo bayanta daga 1990 zuwa 2003, duk akwai na kaya akwai na fasinja akwai na kwana. Haka ma Hiace. Don haka kafin komai ka ɗaga kafet da katakon ƙasa ka duba, sau tari zaka tarar da ramukan noti na asali an toshe su da roba ko an rufe da filawud. In ka samu waɗannan toh ka huta, nemo kujerar wannan samfurin kawai ka ɗaure a inda kamfani ya tanada, babu abin da ya kai wannan.

To me zai hana in kai wa mai walda ya haɗa min benci kamar atachin motocin tasha?

Nan ne fa nake son a tsaya a fahimta. Atachin da muke gani a Kwangila da sauran tashoshi an yi shi ne don ya ɗauki nauyin mutum yana zaune, wato nauyin da ke danna ƙasa, kuma wannan ko kujerar roba zata iya. Amma ranar da taya ta fashe ko wani ya shigo maka ba zato, ba ƙasa nauyin ke tafiya ba, gaba yake fizga. A gudun kilomita 50 kawai in mota ta daki abu ta tsaya cak, jikin mutum kan yi jifa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20 ko fiye, kaga mai kilo 70 ya koma sama da tan ɗaya kenan. Kuma waye ke gudun 50 tsakanin Ɗan Magaji da Kaduna?

Shi ya sa a ƙa'idar gwajin da kamfanonin Turai ke bi, ana jan bel ɗin cinya da ƙarfin sama da kilo 1,300, na kafaɗa ma haka, lokaci ɗaya, in kuma bel ɗin a jikin kujerar yake sai a ƙara jan da ya ninka nauyin kujerar sau 20, duk ana son maɗaurin ya riƙe. Benci na siririn fayif da aka ɗiga wa walda huɗu a kan farantin ƙasan mota wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba, daidai yake da ka ɗaure sa a jikin zana. Kuma in ya tsinke ba wanda ke kai kaɗai zai ji ciwo ba, shi da bencin gaba ɗaya zasu faɗo kan direba da na gefensa. Wallahi ba tsoratarwa nake ba, 'ya'yanka da matarka zaka ɗora a kai.

Ta ina zan gane motata zata iya ɗaukar ƙarin mutum?

Akwai ɗan faranti da kamfani ke mannawa, wani a ginshiƙin ƙofa wani a wajen inji, mai lambar shasi. A motocin Turai zaka ga lambobi huɗu a jere da kg. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu in tana jan tirela, na uku iyakar abin da aksil ɗin gaba zai ɗauka, na huɗu na baya. Sai ka cika tanki, ka bar gado da kabad da gas da jarkar ruwa a inda suke, ka kai ta sikelin da ake auna motocin hatsi ko na taki. Abin da ya rage tsakanin nauyinta da lambar farko shi ne naka. Turawa kilo 75 suke lissafa wa kowane fasinja, ni kuwa zan ce ka ƙara a kai, mun san yadda tafiyarmu take, sai an sa buhun masara da galan ɗin manja da akwatin Hajiya. Kada ka manta ita kanta kujerar mai mutum biyu da ƙarafanta nauyi ce mai yawa.

In motar ta zo da takardarta ta can, duba layin da aka rubuta S.1, shi ne adadin wurin zama har da direba.

Wace kujera zan saya, kuma a ina?

Mafi kyau ita ce ta samfurin motarka. In babu, nemi kujerar bas wadda bel ɗinta ke jikinta tun daga kamfani, irin na Sprinter ko Transit, don ita ba sai ka nemi inda zaka rataya bel a bango ba. Amma ka sani duk ƙarfin fizgar nan ƙafafunta zai bi ya sauka ƙasa, saboda haka ɗaurinta sai ya fi na kowacce ƙarfi. Kujerun Sharan da Galaxy masu cirewa suna da daɗin sha'ani, sai dai ba a sayensu su kaɗai, dole ka haɗa da maƙalansu na ƙasa.

Fara da masu kayan Beljiyam na Sabon Gari, in ba a dace ba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka juya kujerar ka duba ƙarfen cikinta da idonka, kada sabon yadi ya ruɗe ka, yadi da soso ai mai ɗinkin kujera zai canza maka da yamma ɗaya. Abin dubawa shi ne babu lanƙwasa, babu tsagewa a walda, makullin jingina na kamawa ƙam, kuma tana da matashin kai. Wadda aka ciro daga motar da ta yi mummunan hatsari a bar ta ko da kyauta ce. In ka ga soket ruwan ɗorawa a ƙarƙashinta toh tana da jakar iska ko abin fizgar bel, kada yaron shago ya jona mata wuta ko mita da sunan gwaji, tana iya tashi.

A wane waje ya fi dacewa a dasa ta? Ni gefe nake so saboda hanya

Na san dalilin, benci a jikin bango yana barin fili a tsakiya kuma ya fi kama da falo. Don zama a sha shayi in an yi fakin babu laifi. Amma ana tafiya a'a. Mai zaman gefe in aka taka birki da ƙarfi kansa da wuyansa gefe suke tafiya, kan wannan ya daki na wancan, kuma bel ba a yi shi don wannan zaman ba. Mai kallon gaba ita ce zaɓi na ɗaya. Mai kallon baya, wadda ke jingine da bayan kujerar direba irin ta wasu T3, ita ma tana da kyau matuƙar jinginarta mai ƙarfi ce kuma tana da matashin kai.

Ka sa ta tsakanin tayoyin gaba da na baya, can ƙarshen baya jijjiga ta yi yawa kuma nan ne ake fara samu in an daki mota ta baya. Kada ta tare ƙofar gefe. Kuma tun kafin a huda komai ka ajiye ta a wurin, ka kira wanda ya fi kowa tsawo a gidan ya zauna da hularsa, a ga gwiwa da kai.

Yaya ainihin ɗaurin yake? A yi mana dalla-dalla

Toh. Abu na farko, kujera ba a ɗaure ta a katako. Filawud ɗin da ke ƙasan motar kwana ado ne, sukurun katako kuwa ko magana ba a yi. Noti sai ya ratsa ƙarfen motar ya fito ta ƙasa. Kuma ko ya ratsa, kada katako ya zama shi aka matse a tsakani, don yau da gobe zai lotsa ɗaurin ya saki. Ko dai a yanke katakon daidai ƙafar kujerar ta zauna ƙarfe kan ƙarfe, ko a sa guntun fayif mai kauri a cikin ramin katakon notin ya bi ta cikinsa.

Na biyu, ta ƙasa dole a sa faranti mai raba nauyi. Wosha kaɗai ba ta isa ba, zata yaga ƙasan motar ta fito ta ciki. Ni abin da nake ba da shawara shi ne faranti mai kaurin milimita 4 zuwa 6, faɗi kamar santimita 10 kowane gefe, a goge kusurwoyinsa su zama zagaye don kada su yi aikin wuƙa. Wanda ya fi wannan shi ne dogon ƙarfe, angil ayon mai kauri ko canel, da zai tashi daga wannan haƙarƙarin ƙasan motar ya kai wancan, ta yadda in an fizgi kujerar sai an fizgi ƙashin motar gaba ɗaya. Ƙafafun baya su ne masu tashi sama lokacin karo, su za a fi ba muhimmanci, mutane kuwa sun fi kula da na gaba saboda su ne masu sauƙin kaiwa.

Na uku, ƙasan bas ba shafe yake ba, tudu da kwari ne. In ramin ya faɗo a inda akwai gibi sai a cike da ƙarfe daidai zurfin, in ba haka ba kana ɗaurewa farantin na lotsawa.

Na huɗu shi ne notin kansa. Duba kansa zaka ga lamba, 8.8 ko 10.9 ake so, mai kaurin milimita 10 ko 12 gwargwadon ramin ƙafar kujerar. Wanda ba lamba ko mai 4.6 da 4.8 na ƙofa ne da gadon ƙarfe. Farin nan mara tsatsa mai ɗaukar ido shi ma yawancinsa bai kai 8.8 ƙarfi ba. A sa masa noti mai roba a baki wanda baya warwarewa da jijjiga. Duk ramukan da kamfani ya yi wa ƙafar kujerar a yi amfani da su, in huɗu ne huɗu, ba biyu ba. Kuma kada a yanke ƙafar a ƙara mata tsawo, tsawon da ka ƙara ƙarin ƙarfin fizga ne a kan notin.

Oga, akwai abin tsoro wajen huda ƙasan?

Akwai kam. A hau rami ko a ɗaga motar a leƙa tukuna, ba a huda daga sama da ka. Tankin mai, bututun mai, bututun birki, wayar hambirki da wayarin duk nan suke bi. T3 injinta a baya yake tankinta a gaba, kuma masu amfani da ruwa a cikinsu suna da dogayen bututu biyu da suka bi ƙarƙashi tun daga inji har lagireto a gaba. T4 tankinta na ƙarƙashi ta wajen kujerun gaba, kusa da inda mutane suka fi son sa sabuwar kujera. Hiace kuma ga furofela ga salansa. Fara da siririn bakin dirili, ka naɗa masa salatif yadda ba zai zurma fiye da kima ba, wani na ƙasa yana kallo. Kada a huda leɓen babban ƙarfen shasi.

Bayan an gama kowane rami a shafa masa jan fenti a toshe gefensa da silikon. Ba don ruwan damina da ƙurar hunturu kaɗai ba, hayaƙin salansa na shigowa ta nan, iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, kuma wannan mota ce da ake kwana a ciki.

Walda ba ta fi noti ƙarfi ba?

A kan ƙarfe mai kauri a hannun gwani, tana da ƙarfi. A kan siririn farantin ƙasan mota da injin walda na ƙofa da taga, ƙona shi kawai take ta bar gefen waldar da rauni, kuma daga baya tsatsa ta nan take farawa. A yi walda wajen haɗa firam ɗin ƙarfafawa, amma kujerar da noti za a ɗaure ta. In za a yi walda a jikin motar a cire kan batir, a fitar da silindar gas da katifa, in kusa da tanki ne a sauke shi.

Dole ne sai da bel? Ai a baya ne

Dole ne. Na baya da bai ɗaura ba shi ke danne na gaba da ya ɗaura. Bel mai kafaɗa da cinya wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959 shi ake so, na cinya kaɗai ya fi babu amma yana barin kai ya daki abin da ke gaba. Mu nan tun farkon 2003 'yan rod sefti suka fara tilasta ɗaura shi.

Wajen sawa akwai abubuwa biyu da ake yawan kuskurewa. Notin bel zarensa daban ne, 7/16 na inci ne mai ƙananan zare, in ka tura masa na milimita zai yi kamar ya shiga alhali ya cinye zaren. Sannan akwatin da ke naɗe bel ɗin yana da kusurwar da aka yi shi ya zauna, in ka kwantar da wanda aka yi don tsayuwa ko dai ya ƙi fitowa ko ya ƙi kamawa. Maratayin kafaɗa kuma a ginshiƙi ake sa shi, sama da kafaɗa kaɗan kuma ta baya, da faranti a ciki, ba a fatar bango ko jikin kabad ba. Ka ɓalle robar ginshiƙin ka duba, wasu motocin da zarensu a ciki tun asali. Bel ɗin da ya tsufa ya yi gashi ko rana ta cinye shi a canza, kada a kai wa tela.

Ni uwa ce, yarana ƙanana zan ɗora. Akwai wani abu daban?

Hajiya, naki ya fi na kowa muhimmanci. 'Yan ƙasa da shekara 12 baya ya kamata su zauna, don haka kujerar nan tasu ce. Ki dage a sa mai kallon gaba da bel na kafaɗa, saboda kujerun jarirai da matashin ɗaga yaro yawancinsu da shi suke aiki. Bel ya bi kan ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa, ba ciki da wuya ba. Kuma yara biyu ba sa raba bel ɗaya, goyo a cinya ma hannu baya iya riƙewa in abu ya faru, Allah Ya kiyaye.

Gadon da ke naɗewa ya zama kujera fa, ba sai in sa masa bel kawai ba?

Ya danganta da wanda ya ƙera shi. Na kamfani irin na Westfalia da firam ɗin ƙarfe yake zuwa, kuma maɗaurin bel ɗinsa a jikin motar yake, wannan sai dai a sabunta bel. Wanda kafinta ya haɗa da katako gado ne kawai, ko an sa masa bel.

Ƙasan motata ya ɗan yi tsatsa

Motocin Beljiyam sun sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, kuma baƙin kwaltan da ake shafa musu a ƙasa yana ɓoye abubuwa da yawa. Sa sukundireba ka caka da ƙarfi a inda za a ɗaure da kewayensa. In ya lotsa ko yana zubo da gari, mai gyaran bodi ya yanke ya sa sabon faranti tukuna, ba bodi fila ba.

Takardu fa? Kada 'yan rod sefti ko KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, su tare ni

Ɗaukar mutane fiye da abin da aka yi wa mota rajista lodi ne ya wuce kima, kuma laifi ne. Tun kafin ka kashe kuɗi ka ɗauki takardunka ka je ofishin da kake sabunta su ka faɗi abin da kake son yi, a duba motar a gyara adadin a rubuce. Kamfanin inshorarka ma ka sanar da su a rubuce ka riƙe kwafi, tun da inshorar ƙaramar mota ta gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023 ai gara kuɗin ya yi maka amfani ranar buƙata. Ka ɗauki hoton farantan ƙasa da kan notin kafin a rufe. In kuma niyyarka ka riƙa ɗaukar fasinja na kuɗi zuwa Funtuwa ko Saminaka, wannan rajistar haya ce, maganarta daban.

Nawa zan tanada?

Farashi na motsi kullum, sai ka taka kasuwa. Amma ka lissafa abu biyar, kujera, bel, ƙarfe da noti, gyaran tsatsa in akwai, da kuɗin aiki. Inda za a rage shi ne yadi da kwalliya. Noti da faranti su ne mafi arha a cikin lissafin, kada a yi ciniki a kansu.

Ina da niyyar mayar da ita CNG, wato ta koma amfani da gas maimakon mai, wanne zan fara, shi ko kujerar?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan tambayar ta yawaita. Ka haɗa masu aikin biyu su yi magana kafin kowa ya huda, don tukunyar gas ɗin nauyi ne da ita kuma ita ma ƙasan motar take nema, wani lokacin daidai inda ƙafar kujera zata zauna. Nauyinta ya shiga cikin lissafin sikelin nan. Haka silindar girki da firij da kabad, duk abin da ke bayan fasinja a ɗaure shi da ƙarfe.

An gama, me zan duba kafin in ɗebi iyali?

Ka shiga ƙarƙashi da kanka ka ƙirga farantan, ka ga zaren kowane noti ya fito aƙalla biyu ko uku, kuma babu wanda ke gogar bututu ko waya. Ka kama saman jinginar ka girgiza da iya ƙarfinka, motar ce ya kamata ta motsa ba kujerar ba. Fizgi bel da sauri ka ga ya kama. Sai ka fita kai kaɗai ta hanyar Samaru zuwa Shika, ka samu inda ba kowa a bayanka ka taka birki sosai kana saurare ko akwai ƙara. Bayan sati ɗaya ko biyu a sake bin notin da sifana, sannan duk lokacin juyen baƙin mai, tunda motar na kan rami, ka ce wa makanike ya haska wurin da tocila a duba tsatsa ko tsagewa a gefen farantan.